Darasin da Aka Yi Wata Biyar Ana Rikici a Kansa

A watan Janairun 2023 ma'aikatar ilimi ta jihar Florida ta aika wa hukumar da ke shirya jarrabawar share fagen shiga jami'a a Amurka wata 'yar gajeriyar wasiƙa. Abin da ke ciki shi ne, sabon darasin da hukumar ta tsara wa 'yan sakandare a kan tarihi da rayuwar baƙaƙen fatar Amurka ba zai shiga makarantun jihar ba, wai ya saɓa wa doka, kuma ba shi da wani amfanin kirki ta fuskar ilimi. Gwamna Ron DeSantis da kansa ya fito ya kare matakin, ya ce ana so a cusa wa yara aƙida ne da sunan karatu. Wata shida bayan haka jihar ta fitar da nata tsarin koyarwar, aka tarar da wani layi a ciki da ke cewa a nuna wa yara cewa bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su.

Mutumin da ke nesa zai yi mamaki. Darasi ne guda, ba tilas ba ne ma, ɗalibin da ya ga dama ne ke ɗauka. Me zai sa gwamna ya bar ayyukansa ya tsaya a kansa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Wannan fanni da Amurkawa ke kira Black Studies, wato nazarin baƙar fata, tun ranar da aka haife shi a cikin rigima yake, kuma rigimar ba a kan launin fata kaɗai take ba. A kan wanda ke da ikon faɗin abin da ya faru ne.

Sai an koma baya kafin a gane. An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, aka 'yanta bayi kusan miliyan huɗu. Shekaru goma sha biyun da suka biyo baya, zuwa 1877, su ne zamanin da ake kira na sake gina ƙasa. A lokacin ne mutanen da jiya-jiya doka ta hana a koya musu karatu suka fara jefa ƙuri'a, suka shiga majalisun jihohi, har mutum 16 daga cikinsu suka zauna a majalisar tarayya. Hiram Revels ya zama sanata daga Mississippi a 1870. Da sojojin tarayya suka janye daga jihohin Kudancin ƙasar, tsofaffin iyayen gijin suka karɓe mulki, suka shiga ƙirƙiro dokokin hana ƙuri'a. A Louisiana baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896. Zuwa 1904 saura 1,342.

To, aiki irin wannan yana buƙatar hujja, kuma jami'a ce ta samar da ita. Wani farfesan tarihi a Jami'ar Columbia, William Dunning, da ɗalibansa suka kafa labarin da ya mamaye littattafan makaranta na tsawon rabin ƙarni: wai zamanin sake gina ƙasa lokaci ne na ɓarna, an ɗora jahilai a kan mulki, sun wawashe baitulmali, har sai da mutanen kirki suka ceto Kudu. Yaro farar fata ya karanta wannan a aji, ya girma ya zama alƙali ko ɗan majalisa, in aka kawo masa maganar ba baƙi ƙuri'a sai ya ce ai an taɓa gwadawa, an ga abin da ya faru. Yaro baƙar fata shi ma littafin da aka ba shi ke nan.

Mutum biyu ne suka fi kowa tsayuwa a kan rusa wannan gini, kuma duk a wajen manyan jami'o'in fararen fata suka yi aikinsu, don ba a ba su kujera a ciki ba. W.E.B. Du Bois shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard, a 1895. A 1935 ya fitar da wani ƙaton littafi a kan zamanin sake gina ƙasa, ya bi takardun majalisu da alƙaluman kasafi, ya nuna cewa gwamnatocin da ake zagi su ne suka kafa makarantun gwamnati na kowa da kowa a yawancin jihohin Kudu, abin da talakan farar fata ma ya ci moriyarsa. Babin ƙarshe na littafin ya sadaukar da shi ga tona yadda malaman tarihi suka mai da fanninsu farfaganda. Manyan masana na lokacin suka yi kunnen uwar shegu da shi. Sai bayan shekara talatin aka dawo aka ga gaskiyarsa, yau kuwa da wuya ka sami masanin tarihin Amurka na ƙwarai da ke kan ra'ayin Dunning. Du Bois bai ga wannan rana sosai ba. Ya rasu a Accra a watan Agustan 1963, inda Kwame Nkrumah ya gayyace shi aikin haɗa kundin ilimin Afirka.

Na biyun shi ne Carter G. Woodson, ɗan tsofaffin bayi, wanda ya yi aikin haƙar kwal kafin ya shiga sakandare yana ɗan shekara ashirin, ya kuma gama digirin digirgir a Harvard a 1912. Shi hanyarsa daban. Ya kafa ƙungiyar nazarin tarihin baƙaƙe a 1915, ya fara buga mujalla a 1916, sannan a 1926 ya ware mako guda a watan Fabrairu don makarantu da majami'u su riƙa karanta wannan tarihi. Makon nan ne ya zama wata guda a 1976. Akwai wata magana da ya yi a littafinsa na 1933 wadda har yau ake maimaitawa: in ka mallaki tunanin mutum, ba sai ka ce masa ya bi ta ƙofar baya ba, da kansa zai nufi can, in kuwa babu ƙofar bayan, zai fasa bango ya yi ta. Abin lura, da masu ilimin cikin baƙaƙen yake, waɗanda suka yi digiri suka fito suna ƙyamar inda suka fito.

Duk da haka har tsakiyar shekarun 1960 babu wata jami'a da ke da sashe na wannan fanni. Da aka fara buɗe wa baƙaƙen ɗalibai ƙofar jami'o'in fararen fata, sai suka shiga suka tarar za ka iya gama digiri a adabi ba ka karanta marubuci baƙi ko ɗaya ba, ka gama na tarihi ba ka haɗu da kakanninka ba sai a matsayin kaya a cikin jirgin ruwa. An kashe Martin Luther King a watan Afrilun 1968, haƙuri ya ƙare. Ranar 6 ga Nuwamban wannan shekara ƙungiyar baƙaƙen ɗalibai ta Kwalejin Jiha ta San Francisco, tare da ɗalibai 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da jajayen Indiyawa, suka ƙaurace wa azuzuwa. Ronald Reagan ne gwamnan California a lokacin, ya sha alwashin buɗe makarantar ko da bakin bindiga ne. Shugaban riƙon kwalejin, S.I. Hayakawa, ya taɓa hawa motar lasifikar ɗalibai ya tsinke wayoyin da hannunsa, abin da ya sa ya yi suna har daga baya ya zama sanata. 'Yan sanda suka yi ta duka da kame, a rana guda cikin Janairu suka kama sama da mutum 400. Ba a sasanta ba sai a watan Maris na 1969, bayan kusan wata biyar, yajin ɗalibai mafi tsawo a tarihin ƙasar. Aka kafa sashen nazarin baƙar fata, amma malamin da aka ɗauko tun farko ya tsara shi, Nathan Hare, aikinsa ya tafi a cikin rikicin.

Wata guda bayan haka a Jami'ar Cornell ɗalibai suka mamaye wani gini na tsawon sa'a 36, suka fito riƙe da bindigogi, hoton ya zaga duniya. Kafin a shiga tsakiyar shekarun 1970 an buɗe irin waɗannan sassa da shirye-shirye ɗaruruwa. Wasu na gaske ne, wasu kuwa hukumomin jami'a sun buɗe su ne don a kashe wuta, ɗaki biyu da sakatariya, babu kuɗin bincike, babu kujerar farfesa. Da yawa sun mutu da ƙurar ta lafa. Sai a 1988 aka fara digirin digirgir a fannin, a Jami'ar Temple, ƙarƙashin Molefi Asante.

Ba fararen fata kaɗai suka soki abin ba, kuma wannan bai kamata a ɓoye shi ba. Bayard Rustin, wanda ya tsara babban gangamin Washington na 1963, ya yi gargaɗin cewa kada yara su gudu daga lissafi da kimiyya su fake a darasin da zai sanyaya musu zuciya kawai, su fito ba su da abin da za su ci abinci da shi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. An samu malaman da suka mai da ajin dandalin kirari, kowane abin kirki a duniya daga Masar ya fito, kowane sarkin Afirka adali ne. Irin wannan ba shi da bambanci da aikin Dunning, an dai juya rigar ne kawai. A ganina darajar fannin ba a nan take ba. Tana wurin da ya ɗauki tambayar da kowa ke amsawa da zato, ya je ya tono takarda.

Ga misali. A 2022 binciken babban bankin Amurka ya nuna dukiyar iyalin farar fata na tsaka-tsaki ta kai dala 285,000, ta iyalin baƙar fata kuwa dala 44,900. Ninki shida da ɗoriya. Mutumin da bai san komai ba, amsa ɗaya ce za ta zo masa: lalaci ne, ko rashin tattali. Wanda ya zauna a ajin da ake wannan nazari za a shimfiɗa masa taswirorin da wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana a shekarun 1930 na birane sama da 200. An raba unguwanni launi huɗu, kore da shuɗi da rawaya da ja. Jan shi ne wurin da ba da bashin sayen gida ke da haɗari, kuma kasancewar baƙaƙe a unguwa na daga cikin abin da ke jawo mata jan layi. Hukumar da ke tsaya wa masu karɓar bashin gida, wadda aka kafa a 1934, ta bi irin wannan ma'auni, ta zuba tallafinta a sababbin unguwannin da aka rubuta a takardar filayensu cewa ba a sayar wa baƙi. A Amurka gida shi ne asusun talaka. Da shi ake jingina a biya wa yaro jami'a, shi ake bari gado. Ba a haramta wannan wariya ba sai 1968, lokacin da tsara guda ta riga ta sayi gidajenta da araha, farashi ya ninka, ta bar wa 'ya'yanta. Masana har yanzu suna jayayya a kan ko taswirorin ne suka jawo ɓarnar ko sun dai rubuta wariyar da ke akwai ne. Wannan jayayya ita ce alamar fannin yana da rai, domin da alƙaluma ake yin ta.

Haka abin yake a asibiti. Likitan da bai san cewa daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bi baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee tana kallon yadda cutar ke cin su, ba tare da ba su magani ba ko bayan da aka samu allurar da ke warkar da ita, wannan likita ba zai gane dalilin da ya sa tsoho baƙar fata ke ɗari-ɗari da allurar rigakafi ba, sai ya ɗauka jahilci ne. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda gwajin magani guda ke ɓata amana na shekaru ba. Har zuwa 2021 ma'aunin da asibitocin Amurka ke auna ƙarfin ƙoda da shi yana ƙara wa baƙar fata maki saboda launinsa kawai, ƙodarsa ta fito kamar ta fi lafiya, a jinkirta sa shi a layin dashe. Waɗanda suka fara tambayar daga ina wannan lissafi ya fito, tambayar da wannan fanni ya koya wa mutane yi ce suka yi.

A fagen shari'a ma akwai. A 1976 wasu mata baƙaƙe biyar suka kai kamfanin General Motors ƙara kan wariya. Kotu ta ce kamfanin yana ɗaukar mata, yana kuma ɗaukar baƙaƙe, saboda haka babu ƙara. Abin da kotun ta ƙi haɗawa shi ne matan da ake ɗauka farare ne a ofis, baƙaƙen kuwa maza ne a masana'anta. Daga wannan shari'a ce malamar shari'a Kimberlé Crenshaw ta gina bayaninta na 1989 a kan mutumin da wariya biyu suka haɗu a kansa, doka kuma tana ganin ɗaya-ɗaya. Wannan bayani na cikin abubuwan da Florida ta nuna wa yatsa.

Sai kuma abin da aka binne ɗungurungum. A daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yunin 1921 gungun fararen fata suka ƙone unguwar Greenwood a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, unguwar baƙaƙe masu kasuwanci da otal da jaridu da asibiti, layi 35 suka zama toka. Ƙiyasin waɗanda suka mutu yana kaiwa har 300. Mutane sun yi firamare da sakandare a cikin garin ba su taɓa jin labarin a aji ba. Jihar Oklahoma ba ta kafa kwamitin bincike ba sai 1997.

Masu adawa suna cewa irin wannan karatu yana sa yaro farar fata jin kunyar laifin da bai aikata ba, yana sa baƙi ya ɗauki kansa abin tausayi. Damuwa ce da ta cancanci amsa, kuma malami mara hikima zai iya jawo hakan. Amma ɗan abin da aka auna ya nuna akasin haka. Masu bincike biyu na Jami'ar Stanford, Thomas Dee da Emily Penner, sun bi 'yan ajin farko na babbar sakandare a San Francisco, waɗanda makinsu ya yi ƙasa har ana tsoron za su bar makaranta, aka sa su a darasin nazarin ƙabilu. Zuwansu makaranta ya ƙaru sosai, makinsu ya tashi har a lissafi da kimiyya, darussan da Rustin ya ji tsoron za a gudar musu. Makarantu kaɗan ne, malaman kuma zaɓaɓɓu ne da aka horar, don haka ba a ce ko'ina haka za a samu ba. Amma yaron da ya ga kansa a cikin littafi ya fi zama a kujera, wannan kowane malamin aji ya sani.

Ina ruwan Bahaushe da wannan duka? Ruwansa ya fi yadda yake zato, don a cikin labarin yake. Daga cikin mutum miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi, kusan miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su kai 400,000 ba. Brazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan biyar, kuma a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, Hausawa da yawa sun faɗa cikin wannan ayari aka sauke su a yankin Bahia na ƙasar. A 1807 hukumomin Salvador, babban birnin Bahia, suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa. Aka sake yi a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin suka yi babban boren da ake kira na Male, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. A jikin waɗanda aka kashe 'yan sanda suka sami layu da rubutun Larabci, a ƙasar da da yawa daga iyayen gijin ba su iya karanta nasu harshen ba. Takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Bahia, kuma masanin da ya fi kowa tono su ɗan Brazil ne, João José Reis. Tun 2003 doka ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen Brazil a makarantun ƙasar. Mu kuwa a Najeriya, wajajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan shekara goma aka ba da umarnin maido shi. Ƙasar su Kenneth Dike ke nan, da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, masana tarihin da suka ƙare rayuwarsu suna ƙaryata farfesan Oxford ɗin nan, Hugh Trevor-Roper, da ya ce a 1963 Afirka ba ta da tarihi sai duhu.

Sai dai laifi tudu ne. In za mu ari wannan fanni, da ƙa'idarsa za mu ara, ba za mu tsaya a kan abin da Bature ya yi ba. Wa ya kama mutanen da aka kai Bahia? Ta wace hanya suka bi har bakin teku? Masana irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta bayin da ke cikin Daular Sakkwato a ƙarshen ƙarni na 19 da miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi. Rinji da gandu ba baƙin kalmomi ba ne a harshenmu. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokar Arewacin Najeriya ba sai 1936. Nijar ta mai da ita laifi a 2003, kuma a 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara goma sha biyu. Har gobe akwai gidajen da in aka zo neman aure sai an yi ƙus-ƙus a kan asali. Gwamnan Florida ba ya son a buɗe wannan shafi a ajinsa, mu ma ba mu cika son a buɗe namu ba, kuma dalilin kusan ɗaya ne: jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a benci guda.

Akwai wani mutumin Kukawa, Muhammadu Ali ɗan Sa'id, ɗan Barka Gana, ɗaya daga manyan mayaƙan Shehun Borno. Yana yaro mahara suka kama shi a kusa da Tafkin Chadi, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, aka sayar da shi har Istanbul, daga nan ya faɗa hannun wani basaraken Rasha, aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nicholas. Ya zaga Turai, ya iya harsuna da dama, ya sauka Amurka a 1860. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen sojoji, a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a can. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi, a daidai zamanin da su Dunning suka ce na jahilai ne. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, aka buga a Memphis a 1873, aka manta da shi fiye da shekara ɗari kafin masu wannan nazari su tono shi. Wata jami'a a North Carolina ta sa littafin a intanet kyauta. Babin farko a Kukawa yake farawa.